Yadda Ake Gane Masu Rera Waƙa a Tsofaffin Faya-fayan Bishara na Iyalan Kudancin Ƙasar Amurka

A kan takardar da ke manne a tsakiyar tsohon faifan waƙoƙin bishara na jihohin kudancin ƙasar Amurka, kamfani yakan buga sunan ƙungiya ne kawai, kamar Speer Family ko Chuck Wagon Gang ko LeFevres, ba tare da ya faɗi wanda ya ja baitin farko ko wanda ya riƙe murya ta ƙasa ba. Ga shi kuma waɗannan ƙungiyoyi na iyali sun daɗe ƙwarai suna aiki da suna ɗaya. Iyalan Speer, alal misali, sun fara a 1921 kuma ba su ajiye aikin ba sai a 1998, kuma a tsawon wannan lokaci yara sun girma sun shigo, ƴan mata sun yi aure sun fita, surukai sun maye gurbinsu, iyaye sun rasu, an kuma ɗauki waɗanda ba ƴan gidan ba. Saboda haka sunan ƙungiya shi kaɗai ba ya gaya maka ko su wane ne suka tsaya gaban makirufo a ranar da aka ɗauki waƙar.

Yawancin masu sha'awar wannan aiki da sauraro suke farawa, kuma a nan ne suke ɓata. Ƴan gida ɗaya muryoyinsu sukan yi kama, lafazinsu ɗaya ne, malaminsu ɗaya ne, kuma tun suna ƙanana aka horar da su a kan su narkar da muryoyinsu cikin na juna. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka fara gano lokacin da aka ɗauki waƙar, sannan ka gano su wane ne ƴan ƙungiyar a wannan lokaci, sai daga baya ka saka kunne ya raba gardama tsakanin mutum huɗu ko biyar da suka rage.

Mataki na farko shi ne ka karanta faifan kansa. Irin faifan ma shaida ce. Faifan garmaho mai nauyi, mai zagaye 78 a minti ɗaya, shi ne ya mamaye kasuwa har cikin shekarun 1950. Kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai zagaye 33 a 1948, RCA Victor ya fito da ƙarami mai zagaye 45 a 1949, faifan sitiriyo kuwa, wanda ke raba sauti zuwa dama da hagu, bai shiga kasuwa sosai ba sai a 1958. Daga nan ka juya kwalin faifan ka duba adireshin kamfanin. Idan akwai lambar gidan waya mai alƙaluma biyar a ƙarshensa, to an buga kwalin ne daga 1963 zuwa sama, domin a shekarar ce Amurka ta fara amfani da wannan tsari. Idan kuma ka ga harafin P a cikin ƙaramin da'ira tare da shekara, mafi yawa faifan na 1972 ne ko bayanta, lokacin da dokar ƙasar ta fara ba ɗaukar sauti kariyar haƙƙin mallaka.

Shaidar da ta fi waɗannan ƙarfi tana wurin da mutane ba su cika dubawa ba. Ka riƙe faifan a karkace kusa da taga, ka dubi filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, za ka ga wasu haruffa da lambobi da aka karta ko aka buga a jiki. Wannan ita ce lambar uwar faifai, wato ainihin abin da aka buga sauran daga gare shi. A kamfanin RCA Victor farkon lambar yana nuna shekara: E2 na nufin 1952, E3 1953, E4 1954, daga nan sai harafin F ya tsaya a madadin 1955, G 1956, H 1957, J 1958. Amfanin wannan yana fitowa fili a faya-fayan Blackwood Brothers, ƙungiyar da ƴan'uwa uku, Roy da Doyle da James, tare da R.W. ɗan Roy, suka kafa a jihar Misisipi a 1934. A ranar 30 ga Yuni, 1954, jirgin samansu ya faɗi a Clanton da ke jihar Alabama, R.W. Blackwood da Bill Lyles, mai murya ta ƙasa, suka rasu. Cecil Blackwood ya gaji wansa R.W., J.D. Sumner kuma ya gaji Lyles. Ke nan idan lambar ta fara da E2 ko E3, muryar nan mai zurfi ta Lyles ce, idan kuma da G ko H ta fara, ta Sumner ce. Shekarar 1954 ce kaɗai ke buƙatar a nemo wata da rana.

Sai dai a yi hattara da maimaicin bugu. Kamfanoni suna da ƙananan sassa na faifai mai araha, irin su Camden na RCA da Harmony na Columbia, inda suke tattara tsofaffin waƙoƙi su sake fitar da su cikin sabon kwali da sabuwar lamba, wani lokaci har da hoton ƴan ƙungiyar na sabon zamani. Hoton kwali yana nuna waɗanda suke ƙungiyar ne sa'ad da aka tashi sayar da faifan, kuma yana iya yiwuwa rabinsu ba su rera ko baiti ɗaya a cikinsa ba. Haka nan ƙungiyoyin sukan sake ɗaukar waƙar da ta yi farin jini sau biyu ko uku a kamfanoni daban-daban, don haka sunan waƙa ba ya isa ya zama hujjar shekara.

Mataki na biyu shi ne ka zana jadawalin ƴan ƙungiyar, shekara bayan shekara, a takarda ɗaya da za ka ajiye a gabanka. Chuck Wagon Gang misali ne mai kyau, domin tarihinsu yana da ƙulli biyu. D.P. Carter, wanda ake kira Dad, ya fara waƙa da ƴaƴansa uku a gidan rediyo a Lubbock da ke jihar Teksas a 1935, suka koma tashar WBAP ta Fort Worth a 1936, a shekarar ce kuma suka fara ɗaukar faifai. Ƙulli na farko shi ne sunayen da duniya ta san yaran da su na rediyo ne: Rose sunanta na yanka Lola, Anna ita ce Effie, Jim kuwa Ernest, kuma wanda bai san haka ba zai ɗauka mutum shida ne. Na biyu shi ne ba su da dangantaka da ɗaya gidan Carter na jihar Bajiniya, wato su A.P. da Sara da Maybelle. A farkon shekarun 1950 Jim ya bar ƙungiyar, ƙanensa Roy ya karɓi murya ta ƙasa, Howard Gordon mijin Anna kuma ya shigo da jita mai lantarki. Wannan jita alama ce babba, domin da zarar ka ji ta ka san cewa ba ɗaukar shekarun 1930 ko 1940 kake saurara ba.

A gidan Speer, uban gidan G.T. Speer ya rasu a 1966, matarsa Lena ta bi shi a 1967, saboda haka duk sabuwar ɗauka ta bayan wannan lokaci ta ƴaƴansu Brock da Ben ce da sauran ƴan gidan da waɗanda suka ɗauka aiki, irin su Harold Lane da Jeanne Johnson. A gidan LeFevre na Atlanta, Rex Nelon, wanda ba ɗan gidan ba ne, ya riƙe murya ta ƙasa daga 1957. Don cika irin wannan jadawali, rumbun bayanan tsofaffin faya-fayan Amurka da Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ke kula da shi a intanet yana da amfani ga zamanin garmaho, shafin Discogs yana taimakawa da hotunan kwali da lambobi, tsofaffin fitowar mujallar Singing News da aka kafa a 1969 kuwa suna ɗauke da labarin shiga da fitar mawaƙa. Bayanan Discogs jama'a ne ke shigar da su, don haka a riƙa gwada su da wata majiya.

Mataki na uku shi ne sauraro, kuma shi ma yana da shiri. Ka tabbatar cewa faifan yana juyawa a daidai saurinsa, domin ɗan ƙarin sauri yana siranta murya har namiji ya koma kamar mace. Idan ka naɗi waƙar a kwamfuta, manhajar Audacity, wadda kyauta ce, za ta ba ka damar yanke daƙiƙa goma kana maimaita su, ko ka saurari ɓangaren dama ko na hagu shi kaɗai idan sitiriyo ne. Kada ka cika goge ƙarar allura, domin gogewa mai yawa tana tafiya da kaifin muryar da kake nema.

Wanda ya taɓa rera waƙa a kwayar coci ya riga ya san rabon muryoyi huɗu, sofrano da alto da tena da bes, wato daga mafi siririya zuwa murya ta ƙasa, kuma wannan ilimi ne zai yi masa jagora. Waƙoƙin nan sun fito ne daga makarantun koyon waƙa da littattafan da kamfanonin James D. Vaughan na Lawrenceburg a jihar Tenesi da Stamps-Baxter na Dallas suke bugawa, kuma salon rubutunsu yana da wata al'ada da za ta taimake ka: jan waƙa ba ya zama a bakin mutum ɗaya. Sau da yawa sofrano ce ke jan baiti, amma da an zo amshi sai alto ko bes ya karɓe, sauran suna ba shi amsa. A Chuck Wagon Gang za ka ji muryar Rose siririya a sama tana jan baiti, sannan a amshi Anna ta fito da muryarta mai kauri ta yi kalma uku ko huɗu ita kaɗai kafin sauran su rufa mata baya. Waɗannan ƴan daƙiƙu da mutum yake rera waƙa shi kaɗai su ne za ka yanke ka ajiye. Ka bi murya ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, sannan ka dawo ka bi wata.

Kada tsayin murya ya yanke maka hukunci a kan jinsi. Eva Mae LeFevre da Vestal Goodman suna da muryoyi masu kauri da suke sauka inda tena na maza yake, Johnny Cook kuwa, wanda ya shiga Happy Goodman Family a shekarun 1970, yana hawa inda za ka rantse mace ce. A wannan gida na Goodman akwai wani tarko kuma, domin Rusty Goodman yakan riƙe bes a amshi sannan ya hau ya ja baiti a waƙa ɗaya, har mai saurare ya ƙirga mutum biyu. Abin da ya fi tsayin murya tabbas shi ne ɗabi'un da mutum ba ya iya ɓoyewa: yadda muryarsa take karkarwa a dogon sauti, ko yana faɗawa kan sauti kai tsaye ko yana zamewa zuwa gare shi daga ƙasa, inda yake jan numfashi, da yadda yake rufe ƙarshen kalma.

Mataki na huɗu shi ne kwatantawa da samfurin da babu shakka a kansa, kamar waƙar da kwalin faifai ya ambaci sunan wanda ya ja ta, ko tsohon shirin talabijin irin Gospel Singing Jubilee da ya fara a 1964, inda kake ganin baki yana motsi. Bidiyoyin Homecoming da mawaƙin bishara Bill Gaither ya fara shiryawa a 1991 sun tara da yawa daga cikin waɗannan dattawa, kuma suna da amfani wajen koyon lafazinsu, sai dai muryar ɗan shekara saba'in ta riga ta sauka ta kuma yi nauyi, don haka ya fi kyau kada tazarar samfurin da waƙar da kake bincike ta wuce shekara biyar.

Daga nan sai rubutawa. Ga kowace waƙa ka rubuta lambar uwar faifai, da shekarar da ka gano, da sunan da ka ba kowace murya, sannan ka raba sunayen gida uku: wanda takarda ta tabbatar, wanda jadawali da kunne suka yi ittifaƙi a kansa, da wanda zato ne kawai. Wannan rabo yana da muhimmanci a ganina, domin zaton da aka rubuta a intanet ba tare da alama ba yakan koma gaskiya a hannun wanda ya kwafe shi, kuma mutanen da suka ba da rayuwarsu ga wannan waƙa sun cancanci a jingina wa kowannensu abin da ya rera. Inda shakka ta rage, ka aika yankin waƙar ga tsofaffin masu tara faya-fayai ko ga Cibiyar Nazarin Kiɗan Jama'a ta jami'ar jiha da ke Murfreesboro a Tenesi, ka haɗa da hoton takardar tsakiya da na lambar da aka karta, ba tare da ka faɗi sunan da kake zato ba, domin amsarsu ta zama shaida mai zaman kanta.