Yadda Na Gyara Moton Injin Wanki a Aboabo

A wani shagon wanki da ke Aboabo, cikin Kumasi, babban injinmu ya riƙa gurnani duk lokacin da ya fara matse kaya, moton kuma yana zafi har hannu ba ya iya taɓa shi. Da farko bel na zarga, amma da na auna wuta sai na tarar layi ɗaya cikin layukan wuta uku da ke shiga moton yana faɗuwa, saboda wayarsa ta saki a bakin kontakta, wato makunnin da ke haɗa wa moton wuta, har wurin ya yi baƙi. Na sauya kontaktar, na mayar da na'urar kariya, mai yanke wuta idan moton ya ja da yawa, daidai da amfiyar (ma'aunin wutar da yake ja) da ke rubuce a jikin moton, domin an ɗaga ta fiye da kima, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Sannan na ƙara wata na'ura mai kashe injin da zarar layi ɗaya ya ɗauke.