Kurakuran da aka fi yi bayan sauya furosesar kwamfuta

Yawancin masu kawo mini kwamfuta a shagona da ke Wuse bayan sun sauya mata furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi) da ƙorafi ɗaya suke zuwa, wato an sayar musu da matacciyar furosesa. Alhali kuwa furosesa ba ta cika mutuwa ba. Abin da ya fi jawo matsala shi ne gaggawar kwance na'ura kafin a yi bincike, sannan idan ta ƙi tashi a shiga taɓa abubuwa biyar a lokaci guda, har a rasa gane wanda ya gyara da wanda ya ɓata.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar cewa tunda furosesa ta zauna daidai a soket, wato mazauninta, to madabod, wato babban bod ɗin da komai ke hawa kansa, ya san ta. Ba haka ba ne. Furosesocin Intel na zubi na 6 da na 7 da na 8 da na 9 duk soket LGA1151 suke hawa, amma na 8 da na 9 ba sa aiki sai a bod mai lamba 300, irin su H310 da B360, don haka wanda ya ɗora i5-8400 a kan H110 ya yi asarar kuɗin mota kawai. A ɓangaren AMD kuwa, Ryzen 5000 da suka fito a ƙarshen 2020 suna aiki a bod B450, amma sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. In ba haka ba fanka za ta yi ta juyawa, sikirin kuma ya tsaya baƙi ƙirin. Al'adata ita ce in buɗe shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, in duba jerin furosesocin da yake karɓa da lambar BIOS da kowace take buƙata, in sabunta shi tun tsohuwar furosesa tana ciki. Kuma ina roƙon masu zuwa kasuwar Banex su yi musayar tsohuwa da sabuwa a rana ɗaya da su daina, domin idan bod ɗinka ba shi da maɓallin BIOS Flashback, wanda ke sabuntawa daga filash ko babu furosesa, to da tsohuwar nan kaɗai za ka iya fita daga matsalar.

Sabunta BIOS ɗin kansa shi ne inda na taɓa yin asarar da har yau take yi mini ciwo. Wani yaro da nake koya wa aiki ya fara sabunta BIOS na kwamfutar wani mai zanen gine-gine a kan wutar gari kai tsaye, alhali ga UPS a ƙarƙashin teburi. Layin da ke nuna ci gaban aikin bai kai rabi ba aka ɗauke wuta. Bod ɗin bai sake cewa uffan ba, ba shi da BIOS na biyu, ba shi da Flashback, kuma daga aljihuna aka saya wa mutumin wani, ban da aikinsa da ya tsaya. Ina mamakin mai gyaran da zai zauna a Abuja, ya san halin wutarmu sarai, sannan ya yi irin wannan ganganci! Ba na sabunta BIOS sai a kan UPS mai lafiyayyen batir ko inbata, ban yarda da janareta shi kaɗai ba, kuma idan na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta bayan an gama, hannuna ba ya zuwa kusa da maɓalli, domin wannan yana cikin aikin.

Akwai kuma asarar bayanai, wadda ta fi ta bod muni. A kwamfutoci da yawa na yanzu, TPM, wato ma'ajiyar mabuɗan tsaro, yana cikin tsarin furosesa ne, saboda haka idan BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanan faifai da shi, yana kunne aka sauya ta, Windows zai nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. A dakatar da BitLocker tun kafin a kwance komai, a kuma rubuta mabuɗin a takarda. Wanda ya ga tambayar fTPM (ko a goge mabuɗan da ke cikin TPM) a baƙin sikirin ya danna Y ba tare da ya karanta ba, shi ya jiyo wa kansa.

Sauran dalilan baƙin sikirin ƙanana ne. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar i5-12400F, ba ta fitar da hoto da kanta, haka ma Ryzen 5 5600, sai a sa katin hoto a kuma jona wayar HDMI a jikinsa. Wayar wuta mai baki takwas da ke saman bod ta furosesa ce, ana yawan mantawa da ita. A cire ƙaramin batirin CR2032 da ke kan bod na ƴan mintuna don goge tsofaffin saituna. Bod mai RAM irin DDR5 yakan ɗauki mintuna a tashin farko yana daidaita RAM, a yi masa haƙuri. Wajen cire fankar furosesar AMD mai soket AM4 kuma a ɗan murɗa ta a hankali, don kada ta fizgo furosesa a lanƙwasa mata ƙafafu.

Idan kwamfuta ta tashi amma tana daskarewa ko tana mutuwa a tsakiyar aiki, zafi nake fara dubawa da manhajar HWiNFO. Na sha cire fanka in tarar da siririyar ledar kamfani manne a gindinta, man sanyayawa ya bushe a kanta kamar tuwon jiya. Ƙaramar fankar da ta riƙe i3 ba lallai ta riƙe i7 ba, balle a zafin Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta toshe ko'ina. Idan zafi lafiya, sai in kashe XMP ko EXPO, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, in bar RAM ɗaya, in gudanar da manhajar gwajin RAM ta MemTest86 dare guda. Ɗaure fanka fiye da kima ma yakan sa bod ya daina ganin RAM ɗaya. Daga nan ne nake zargin fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, musamman marasa suna da ake sayarwa da arha. Masu Intel zubi na 13 da na 14 kuwa, musamman i7 da i9, su tabbatar BIOS ɗinsu yana ɗauke da gyaran 0x12B da kamfanin ya fitar a Satumbar 2024 ko wanda ya biyo bayansa, domin yawan ƙarfin wuta yana lalata waɗannan furosesoci a hankali, kuma gyaran ba ya dawo da wadda ta riga ta lalace.

Masu garajen goge Windows da zarar sun ga shuɗin sikirin mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE su ne suka fi ba ni haushi, domin sau da yawa goge saitunan BIOS ne ya sauya yadda bod yake karanta faifai. A koma cikin BIOS a duba ko saitin faifai ya tashi daga AHCI zuwa RAID ko akasin haka, ko VMD, shi ma saitin faifai ne, ya kunnu, ko CSM, saitin tashi irin na tsofaffin kwamfutoci, ya mutu alhali da shi aka girka Windows ɗin. Shi ya sa kafin in kwance ko da kusa ɗaya nake ɗaukar hoton kowane shafi na BIOS da wayata, in mayar da saitunan ɗaya bayan ɗaya, ina gwada na'urar bayan kowane.