Yadda Ake Cajin Waya Batirinta Ya Daɗe a Zafin Sakkwato

Batirin da ke cikin wayoyin zamani, Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko iPhone, duk na sinadarin litiyam ne, kuma tun ranar da aka ƙera shi yake tsufa. Ba a hana shi tsufa, amma ana iya rage masa gudu. Abubuwa uku ke ci masa rai: zafi, daɗewa a cike maƙil, da barinsa ya ƙare ƙarƙaf har waya ta mutu. A Sakkwato zafi ne kan gaba da nisa, don haka da shi za a fara.

Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, kuma zafin da ya haura 35 na iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. To ka kwatanta da bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 kusan kullum. Caji da kansa yana ƙara ɗumi. Wato wayar da aka jona da azahar a ɗaki mai rufin kwano tana shan zafi biyu a lokaci guda. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ruwan sinadarin batirin yana lalacewa, yana cinye wani ɓangare na litiyam ɗin da ya kamata ya riƙe caji, wani lokaci har ya fitar da iskar da ke sa batir kumbura.

Saboda haka, in da hali, ka mai da cajinka da dare ko bayan asuba. Kafin ka jona, cire rigar wayar, musamman mai kauri ta roba. Ajiye ta a kan siminti ko tayil, a inuwa. Kada ka ɗora ta kan katifa, kada ka tura ta ƙarƙashin matashi, kada ka bar ta cikin aljihu ko jaka tana caji da fawa banki. Direbobi da 'yan kabu-kabu su kula sosai: wayar da ke gaban gilashin mota ko a maƙale a kan babur, tana caji, rana na dukanta, allo a kunne, ita ce ke fara kumbura. In ka taɓa bayan waya ka ji zafin ya dame ka, zare cajar, kashe allon, ka ba ta minti 10 zuwa 15 ta huce. Amma kada ka sa ta a firiji ko ka ɗora ta kan ƙanƙara, domin raɓa za ta taru a ciki ta taɓa injin.

Kallon bidiyo, buga gem ko kiran bidiyo a WhatsApp alhali waya na caji yana haɗa zafin injin da na batir. Amsa saƙo ɗaya biyu ba komai.

Sai batun inda ya kamata caji ya tsaya. Batirin litiyam ya fi samun sauƙi a tsaka-tsaki, kamar daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Idan ya cika ɗari bisa ɗari, ƙarfin wutar da ke cikinsa yana kaiwa wajen bolt 4.4 a yawancin wayoyin yanzu, kuma zama a wannan matsayi na sa'o'i, musamman cikin zafi, shi ke gajiyar da shi. Ka lura caji na gudu har wajen kashi 80 sannan ya koma tafiyar hawainiya. Wayar ce ke rage wutar da gangan don ta kare batirin.

Ana yawan cewa kada a taɓa wuce 80. Wannan shawara ta dace da wanda wuta ba ta yanke masa. Wanda bai san sa'ad da NEPA za ta dawo ba, ko mai tafiya ƙauye, ko mai sana'ar POS da wayarsa ce jarinsa, ya cika ta abinsa. Illar ba a kaiwa ɗari take ba, tana cikin kwana da wuni a ɗarin. Ka cika ta dab da lokacin da za ka fita, ka zare, ka fara amfani. Ranar da kake gida kuma akwai wuta ko sola, ka tsaya a 80 ko 85. Kuma ɗan caji kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka kawo wuta ba ya cutar da batir ko kaɗan. Da zagayen caji ake auna tsufan batir, kuma ana ƙirga zagaye ɗaya ne idan jimillar cajin da ka sha ta kai kashi ɗari, ko da a kwana biyu ne. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka riga ta fitowa an tsara shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuwa bayan 1,000.

Mai barin waya a caji har safe ya shiga saiti, sashen batir, ya kunna zaɓin kare batir. A iPhone, tun 2019 akwai tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 ya ƙarasa kusa da lokacin da ka saba tashi, daga iPhone 15 kuma kana iya kafa masa iyaka a 80. Samsung na da irinsa, na wasu wayoyin 85, na sababbi 80. In wayarka ba ta da shi, zare ta in ka tashi sallar asuba.

Ƙarewa ƙarƙaf ya fi cika muni idan aka bar wayar a mace kwana da kwanaki. Batirin yana ci gaba da zuba a hankali har ya faɗa ƙasa da iyakar da ya kamata, daga nan sai waya ta ƙi karɓar caji. Da ta kai kashi 20, nemi caji. In babu, kashe data, rage hasken allo, ko ka kashe ta gaba ɗaya tun da sauran rai. Wayar da za a ajiye wata da watanni a bar ta wajen kashi 50, a kashe, a wuri mai sanyi. Maganar cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji, ko sai an bari ta mutu kafin a jona, ta tsofaffin batura ce na nikel, ba ta shafi na yanzu ba.

Caja ma tana da nata. Karanta rubutun jikinta: ta kirki za ka ga an rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240, shi ya sa take jure raunin wuta. Bolt 5 da amfiya 2 na nufin wat 10 ke nan, caji na yau da kullum. Masu sauri suna ba da wat 18, 25, 33 ko fiye. Caji mai sauri da cajar asali ba laifi ba ne, sai dai ya fi kawo ɗumi, don haka da tsakar rana a bazara, ko da dare da ba ka gaggawa, mai wat 10 ta fi. Babbar caja ta ƙwarai ba ta ƙona ƙaramar waya, domin wayar ce ke ɗaukar iya abin da take buƙata. Jabu ce abin tsoro. Alamominta: ba ta da nauyi a hannu, tana zafi sosai, tana ƙara siririya, ko allon waya ya riƙa danna kansa in an jona. Igiyar da ta tsage ko sai an karkata ta take kamawa, a canza ta.

Idan aka ɗauke wuta, zare caja daga soket, kada ka mayar sai an dawo da ita ta zauna na 'yan mintoci, saboda wutar farko kan zo da ƙarfi. Haka janareta: a tashe shi ya daidaita kafin a jona, a zare kafin a kashe. A wurin masu caji, tafi da cajarka, ka roƙi kada a jibge wayarka cikin tarin wasu, ka kuma karɓe ta da ta cika. Mafi kyau ma ka kai fawa banki a caja maka, wayar ta sha daga gare shi a gida. Ka dai sani mai 10,000mAh ba zai cika waya mai 5,000mAh sau biyu ba, sau ɗaya da kusan rabi ne, saboda wuta na ɓacewa wajen juyawa. Mai ƙaramar sola ya sa faifan a rana, wayar a inuwa.

Lokacin hunturu ƙura kan cushe bakin caji har waya ta riƙa kamawa tana saki, a ɗauka batir ne. Kashe wayar, ka sakace ramin a hankali da tsinken itace, ban da allura.

In bayan waya ya fara ɗagowa, ko allo ya rabu da jiki, batir ya kumbura. Daina caji nan take, kada ka danne shi, kada ka huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. Kai wa mai gyara ya sa wanda lambarsa ta dace da ta tsohon, sannan a bar masa tsohon, kada ya shiga sharar da za a ƙona.