Yadda ake gwada na'urar auna zafi mai shingen kariya a kan allon gwaji

Na'urar auna zafi irin ISOTMP35 ta kamfanin Texas Instruments an ƙera ta ne domin a jingina ta kai tsaye da ƙarfen da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi, kamar sandar tagulla ta cikin inbata ko jikin batirin motar lantarki, ba tare da wutar ta tsallaka zuwa ɓangaren da ke karanta sakamako ba. Shingen da ke cikinta yana jure volt 3,000 na ɗan lokaci. Saboda haka abu biyu ake dubawa: gaskiyar awonta, da lafiyar shingen.

Da farko, kada a haɗa komai da wuta mai ƙarfi. A ɗora allon gwajin da na'urar ke kai a kan busasshen tebur, a jona shi da kwamfuta ta wayar USB, sannan a duba da mitar awon lantarki cewa wutar da ke shiga na'urar tana tsakanin volt 2.3 da 5.5. A bar shi ya huta na wasu mintuna, domin zafin hannun da ya riƙe shi kaɗai ya isa ya ɗaga awon.

Daga nan sai a ɗora tsinken mita a ƙafar da ke fitar da sakamako. Lissafin ba shi da wuya: a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos na'urar tana ba da milivolt 500 (milivolt 1,000 ne volt ɗaya), kuma kowane digiri ɗaya yana ƙara milivolt 10. Idan mita ta nuna 780, a cire 500, a raba ragowar da 10, ɗakin yana kan digiri 28 ke nan. A kwatanta wannan da abin da manhajar kwamfuta ke nunawa. Inda suka saɓa, ni nakan fara zargin ɓangaren da ke mayar da awo zuwa lambobi kafin na'urar kanta, domin mai karatu na bit 10, wanda ke raba volt 5 zuwa matakai 1,024, yana tsallen kusan milivolt 5, wato rabin digiri, a kowane mataki.

Gwajin da ya fi gamsarwa shi ne na ƙanƙara. A farfasa ta a kofi, a zuba ruwa kaɗan, a dama, a sa na'urar cikin leda a ɗaure bakin sosai, sannan a nutsar da ita. Lambar za ta riƙa sauka har ta tsaya a kusa da 500. Wanda ya yi gaggawar rubuta sakamako kafin ta tsaya, zai ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba.

Sai shingen. A cire wayar USB, a juya mita zuwa awon turjiya (ƙarfin tare wucewar wuta), a taɓa ƙafafun da ke jin zafi da tsinke ɗaya, ƙafar ƙasa (wato GND, inda wuta ke komawa) da ɗayan. Dole mita ta nuna babu hanya sam. Sai dai wannan yana tona gajeriyar hanya ce kawai, irin wadda ɗigon dalma ko ƙura mai danshi ke haddasawa. Batirin mita bai kai ya tabbatar da juriyar dubban volt ba. Wannan aikin na'urar gwajin kariya ne, a hannun wanda ya san aikin, bayan an goge tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu da sifirit ta bushe sarai.