Kurakurai wajen karanta hatimin maƙera a lambobin yabon sojan Jamus

Yawancin masu fara tara tsofaffin lambobin yabon sojan Jamus, musamman Gicciyen Ƙarfe da ake kira Eisernes Kreuz, hatimin maƙeri suke fara nema. Da sun ga lamba ko harafi a jiki sai hankalinsu ya kwanta su biya kuɗi. A nan ne aka fi cutar mutane, domin buga hatimi shi ne aiki mafi sauƙi a wurin mai yin jabu. Ƙaramin ƙarfen bugu da guduma kawai yake buƙata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa tsarin lambobin kamfanoni guda biyu na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai lambar da ofishin Präsidialkanzlei, wato ofishin shugaban ƙasa, ya ba kamfanonin da ke ƙera wa gwamnati lambobin yabon da take rabawa, ita lamba ce tsurarta. Akwai kuma ta LDO, ƙungiyar maƙeran lambobin yabo, wadda aka kafa don kula da waɗanda ake sayarwa a kanti ga sojan da ke son na canji, ita kuma tana farawa da "L/". Kamfani ɗaya yana iya riƙe duka biyun, kuma ba sa yin daidai. Steinhauer & Lück na garin Lüdenscheid shi ne 4, shi ne kuma L/16. C.E. Juncker na Berlin 2 ne da L/12. Deschler na Munich 1 ne da L/10. Wanda ya ga 13 ya ce Paul Meybauer ya yi kuskure: 13 na Gustav Brehmer ne, L/13 ne na Meybauer. Gyaran ba wuya, a duba ko akwai L kafin a buɗe jerin sunaye, kuma a tabbata jerin da aka buɗe shi ne na tsarin.

Wasu kuma suna ɗaukar 800 ko 935 a matsayin lambar kamfani. Wannan ma'aunin azurfa ne, wato kashi 800 cikin 1000. Jinjirin wata da kambi ma alamar azurfar Jamus ce tun 1888.

Gicciyen 1914, wato na Yaƙin Duniya na Ɗaya, haruffa aka fi buga masa, kamar S-W na Sy & Wagner ko G na Godet. A gicciye mai daraja ta biyu hatimin yana kan zoben da ake zura kintinkiri, ƙanƙane ƙwarai, wani lokaci rabinsa kawai ya fito saboda zoben a lanƙwashe yake. Sai an sa gilashin ƙara girma, an juya zoben a hankali a gaban haske, domin hatimin yakan ɓuya daidai inda zoben ya shiga ɗan kunnen da ke saman gicciyen. A mai daraja ta ɗaya kuwa bayansa ake dubawa, ko kan allurar maƙalawa. Idan kuwa aka ga hatimin RZM a jikin Gicciyen Ƙarfe, a yi taka-tsantsan sosai, don wannan hatimin na kayan jam'iyyar Nazi ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake raina wanda ba shi da hatimi. Ɗimbin na ainihi haka suka fito daga masana'anta ba ko ɗigo. Wannan rainin ne ya sa wasu dillalai ke ɗaukar gicciye na ainihi su buga masa lambar kamfani mai tsada, su ɓata kayan tarihi saboda riba. Irin wannan bugun yakan tona kansa: cikin ramin lambar yana ƙyalli alhali sauran zoben ya dushe, ko kuma zoben ya ɗan baje a wurin.

Don haka jiki ake fara karantawa. Gicciye na ainihi yawanci kashi uku ne, baƙar tsakiya ta ƙarfe da firam biyu da aka haɗa, kuma ana ganin siririn layin haɗin a gefe. Maganaɗisu yakan kama tsakiyar, ko da yake akwai na ainihi masu tsakiyar tagulla da ba ya kamawa, saboda haka gwajin bai isa hukunci shi kaɗai ba. Wanda aka yi da zubi guda ɗaya yakan nuna ƙananan ramuka da zane mara kaifi. Kowane kamfani yana da siffar lambobin shekararsa da zanen gefen firam ɗinsa, sai a gwada da hoton wanda aka tabbatar na kamfanin ne. Idan hatimi ya ce Juncker amma firam ɗin na wani ne, hatimin ne ya yi ƙarya.

Ko hatimi na gaskiya ma ba ya tabbatar da shekara. Rudolf Souval na Vienna, mai L/58, ya ci gaba da ƙera irin waɗannan lambobin yabo bayan 1945. Akwai kuma samfurin 1957, wanda dokar Jamus ta Yamma ta amince tsofaffin sojoji su saka, aka cire alamar Nazi aka sa ganye a madadinta, amma shekarar 1939 na nan rubuce a ƙasansa.

Sai batun gogewa. Kada a sa man goge ƙarfe don hatimi ya fito, yana cinye gefen haruffan kuma yana zubar da darajar kayan. Busasshen burushi mai laushi ya wadatar.