Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Tebur Da Za Ta Ɗauki macOS A Abuja

Kamfanin Apple bai yi macOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsa na Mac, don kwamfutar da ba tasa ba. Sai dai tun shekarar 2006, da ya fara sa firosesan Intel a cikin Mac, kayan cikin Mac da na kwamfutar kasuwa suka zama kusan iri ɗaya, masana kuma suka gano hanyar tayar da macOS a kan injin da mutum ya haɗa da hannunsa. Irin wannan inji shi ake kira Hackintosh. Masu nemansa a nan ba su wuce kala uku ba: mai tace bidiyo da ke son Final Cut Pro, mai situdiyo da ya saba da Logic Pro, da mai rubuta manhajar iPhone wanda ba shi da hanya sai ta Xcode.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka san abu biyu. Lasisin macOS ya hana a saka ta a kan injin da ba na Apple ba, kuma a 2009 kotu a Amurka ta hana kamfanin Psystar sayar da irin waɗannan kwamfutoci. Na biyu, kasuwar ta kusa watsewa. Tun 2020 Apple ya koma yin firosesa nasa, kuma a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe 26 ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki da Intel. Don haka ka fara tambayo kuɗin Mac mini na hannu mai M1 ko M2, firosesan da Apple ya yi da kansa. Idan ya zo daidai da lissafin kayan da za ka saya, ka ɗauki Mac mini ka huta. Hackintosh yana da riba ne ga wanda ya riga ya mallaki wasu kayan, ko yake son RAM da ma'aji mai yawa da araha, ko yake buƙatar Windows da macOS a akwati ɗaya.

Mataki na farko: kasuwa

A nan ake cin nasara, a nan kuma ake faɗuwa. Windows tana karɓar duk abin da ka jona mata, macOS kuwa ba ta san komai ba sai kayan da Apple ya taɓa sa wa a Mac ɗinsa. Mai shago a Banex da ke Wuse 2 zai nuna maka sabon yayi, kuma gaskiyarsa ce, amma kai ba sabon yayi kake nema ba. Ka tafi da lambobin a rubuce a takarda.

Firosesa ka nemi Intel ƙarni na 8, na 9 ko na 10, irin su i5-8400, i7-8700, i5-10400 ko i7-10700. Dalili shi ne suna ɗauke da na'urar hoto ta ciki mai suna UHD 630, wadda macOS ta sani, har za ka iya aiki ba tare da katin hoto ba. Ka lura da harafin F a ƙarshen lamba: i5-9400F da i5-10400F ba su da hoton ciki, dole sai da kati. Daga ƙarni na 11 zuwa sama macOS ba ta gane hoton cikinsu sam. Ryzen na AMD yana tashi, amma sai an yi wa macOS faci, kuma wasu manhajojin Adobe suna ba da ciwon kai a kansa. Wanda zai fara yau ya bar shi.

Madabod, babban allon da ake jona duk kayan a kansa, ya bi firosesa. Ƙarni na 8 da na 9 suna zama a kan B360, B365, Z370 ko Z390, ƙarni na 10 kuma a kan B460 ko Z490. Ka juya bayansa ka tabbata akwai ƙofar HDMI ko DisplayPort, domin macOS ba ta fitar da hoto ta VGA, ga shi kuwa monitocin hannu da suka cika gari yawancinsu masu shuɗin kan nan ne. Ka kuma rubuta sunan na'urar intanet ta waya da ke jikinsa, Intel ce ko Realtek, za ka buƙace shi nan gaba.

Katin hoto shi ne inda aka fi asarar kuɗi. NVIDIA ta zamani, duk wani RTX da GTX 1650 da 1660, macOS ba ta taɓa aiki da su ba. GTX 1060 da 1080 sun tsaya a macOS High Sierra ta 2017. Abin da ke aiki AMD ne: RX 570, RX 580, RX 5700 XT, RX 6600, RX 6800. Ko a cikin dangin akwai bare, RX 6500 XT da duk jerin RX 7000 ba sa yi. Sai kuma tarkon RX 580. Akwai wani samfuri mai suna 2048SP da aka yi don kasuwar China, kwalinsa na cewa RX 580 8GB, amma macOS ba ta karɓarsa kai tsaye. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a jona min shi in gani," a buɗe manhajar GPU-Z. Na gaske lambar shaidarsa 67DF ce, na 2048SP kuwa 6FDF. Da yawa daga cikin katunan hannu sun sha aikin haƙar kirifto dare da rana, saboda haka ka bar shi ya yi zafi a gabanka, ka saurari fankokinsa.

RAM ba ta da rigima, DDR4 gigabait 16, sanda biyu masu 8. SSD kuwa, wato ma'ajin bayanai, ka guji Samsung PM981 da PM991 da Micron 2200S, waɗanda ake cirowa daga laftof ana sayarwa da sauƙi, suna sa macOS ta daskare. WD SN570 ko SN770 suna tafiya lafiya. Ka sayi SSD biyu in da hali, ɗaya na Windows ɗaya na macOS, kowa da ɗakinsa.

Kada ka yi rowa a fawa-fak, mai raba wa kayan wuta. RX 580 yana jan wajen wat 185 shi kaɗai, yana kuma son filogi mai ƙafa 8, don haka ka nemi mai wat 500 zuwa sama na kamfanin da aka sani. Ka haɗa da UPS a lissafinka. Ko unguwarku na samun wuta sosai, ɗaukewar minti ɗaya a tsakiyar sabunta BIOS, ƙaramar manhajar saiti da ke jikin madabod, ta isa ta kashe shi.

Mataki na biyu: haɗawa, sannan Windows tukuna

Haɗa kayan bai bambanta da na kowace kwamfuta ba. Firosesa ya shiga gurbinsa ta bin alamar kusurwa, ba dannawa. A ɗiga man sanyi kaɗan, a ɗora fanka, RAM ta shiga rami na biyu da na huɗu daga gefen firosesa, a ɗaure madabod a akwati, a jona wayoyi. Da hunturu iska ta bushe, jiki na tara lantarki, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kayan.

Ka fara saka Windows. Da ita za ka tabbatar kowane kaya lafiyarsa ƙalau tun mai shago bai manta fuskarka ba, kuma a cikinta za ka yi ayyuka biyu. Ɗaya, ka gudanar da SSDTTime, ya fitar maka da ƙananan fayilolin SSDT, masu yi wa macOS bayanin kayanka, da suka dace da madabod ɗinka. Biyu, ka yi taswirar ƙofofin USB da USBToolBox: ka soka filash mai USB 2 da mai USB 3 a kowace ƙofa, ya rubuta su. macOS ba ta ɗaukar fiye da ƙofa 15 a kan na'ura ɗaya, kuma kowace ƙofar USB 3 biyu ake ƙirga ta. Wanda ya tsallake wannan shi ne zai ga kibod ya mutu a tsakiyar aiki.

Mataki na uku: BIOS

Ka kashe Fast Boot, Secure Boot, CSM, VT-d, Serial Port da CFG Lock idan ya bayyana. Ka kunna VT-x, Above 4G Decoding da XHCI Hand-off. SATA ya zauna a AHCI, DVMT Pre-Allocated kuma a 64MB idan da hoton ciki za ka yi aiki. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, domin ranar da batirin madabod ya mutu duk saitin zai koma yadda ya zo.

Mataki na huɗu: filash da OpenCore

OpenCore, wanda ƙungiyar Acidanthera ke kula da shi, tafinta ne tsakanin kayanka da macOS. Shi ke fara tashi, ya gabatar da injinka a matsayin iMac, ya kuma shigar da direbobin da Apple bai sa ba. Jagoran Dortania, shafin intanet mai koyar da saita OpenCore, shi ne abin bi, ka buɗe shafin ƙarnin firosesanka, Coffee Lake ga na 8 da 9, Comet Lake ga na 10.

Ka goge filash zuwa FAT32. A cikin foldar Utilities ta OpenCore akwai macrecovery, wanda da Python zai sauko maka da BaseSystem.dmg da BaseSystem.chunklist. Ka sa su a folda mai suna com.apple.recovery.boot a kan filash ɗin, ka kwafi foldar EFI ta OpenCore, wadda injin ke tashi da ita, ka ajiye a gefenta. Ni macOS Sequoia 15 nake ba da shawara. Tahoe ta cire tsohon direban sauti da AppleALC ke jingina da shi, sai ka yi ƙarin wahala kafin sifika ta yi magana.

A foldar Drivers ka bar OpenRuntime.efi, ka ƙara HfsPlus.efi, ka share sauran. A foldar Kexts, inda direbobin macOS ke zama, ka sa Lilu, VirtualSMC, WhateverGreen don hoto, AppleALC don sauti, sai na intanet: IntelMausi ga Intel, RealtekRTL8111 ga Realtek mai gigabit ɗaya, LucyRTL8125Ethernet ga mai 2.5. Ka ƙara USBToolBox da taswirar da ka yi. Fayilolin SSDT su tafi foldar ACPI.

Sai config.plist, fayil ɗin saitin OpenCore, zuciyar aikin. Ka kwafi Sample.plist ka sake masa suna zuwa config.plist, ka buɗe shi da ProperTree, ka danna OC Clean Snapshot ya jera duk abin da ka zuba bisa tsari, Lilu a sama. Daga nan ka bi jagoran layi bayan layi. A boot-args ka rubuta -v keepsyms=1 debug=0x100, don injin ya nuna rubutun abin da yake yi maimakon tambarin tuffa. Mai RX 5700 XT ko RX 6600 ya ƙara agdpmod=pikera, in ba haka ba allo zai yi baƙi. Mai amfani da UHD 630 ya sa 07009B3E a AAPL,ig-platform-id. SecureBootModel kuma ka mai da shi Disabled har a gama sakawa.

Da GenSMBIOS za ka zaɓi Mac ɗin da injinka zai kwaikwaya, iMac19,1 ga ƙarni na 8 da 9, iMac20,1 ga na 10, iMacPro1,1 ga masu F. Lambar siriyal da ya ba ka, ka gwada ta a shafin duba garanti na Apple. Wadda shafin ya ce bai san ta ba ita ake so, kada ka hau lambar Mac ɗin wani bawan Allah.

Za ka ci karo da EFI da wasu suka gama haɗawa suka watsa, wani ma ya sayar maka da shi a filash. Yana iya tashi. Amma ranar da ya ƙi, ba ka san me ke cikinsa ba balle ka gyara, kuma siriyal ɗin ciki mutum nawa ne ke amfani da ita, Allah kaɗai ya sani. Yini guda da za ka ɓata kana haɗa naka ya fi. In ka gama, ka gudanar da ocvalidate ya duba maka kurakurai.

Mataki na biyar: sakawa

Ka cire SSD ɗin Windows tukuna, kada hannu ya goge abin da ba a yi niyya ba. Ka jona wayar intanet daga rauta zuwa madabod, domin Wi-Fi ba zai yi aiki a wannan matakin ba. Abin da ke kan filash ɗan ƙarami ne, ainihin macOS sai an sauko da ita, ta haura gigabait 12, don haka ka sayi data isasshe ka zaɓi lokacin da netwok ya fi sakin jiki, galibi cikin dare.

Ka tashi daga filash, ka zaɓi macOS Base System ko sunan filash ɗin a menu. Rubutu zai yi ta gudu. Idan ya tsaya cak, ka ɗauki hoton layukan ƙarshe ka nemo su a sashen matsaloli na Dortania. Tsayawa a EXITBS:START yawanci saitin Booter ne ko CFG Lock, da'ira mai tsallaken layi kuwa USB ce, ka canza ƙofa. Idan ka isa ciki, ka buɗe Disk Utility, ka danna Show All Devices, ka goge SSD gaba ɗayansa zuwa APFS da GUID Partition Map, sannan ka fara sakawa. Injin zai mutu ya tashi sau da yawa. Kowane karo ka zaɓi macOS Installer, har ka ga allon zaɓen ƙasa.

Mataki na shida: abin da ya rage

Har yanzu filash ne ke tayar da injin. Ka yi amfani da MountEFI ka buɗe ɓoyayyen sashen EFI na SSD, ka kwafa foldar EFI can. Filash ɗin kuwa ka ajiye shi a aljihun tebur, kada ka ba kowa aro ya zuba waƙoƙi, shi ne zai cece ka ranar da wani canji ya hana injin tashi.

Idan ba sauti, ka duba lambar na'urar sautinka, misali ALC897 ko ALC1220, ka gwada lambobin alcid, wato saitin AppleALC, da aka jera mata, ɗaya bayan ɗaya a boot-args. Wi-Fi shi ne mai taurin kai. Katin Fenvi T919 da aka daɗe ana yabo ya daina aiki kai tsaye tun Sonoma 14, katin Intel kuma yana yi da itlwm da HeliPort amma ba AirDrop, hanyar tura fayil tsakanin na'urorin Apple. Ga injin da ke zaune wuri ɗaya, waya ta fi kwanciyar hankali.

Ka kashe sabuntawa ta kai-da-kai. Duk lokacin da Apple ya fitar da sabuwa, ka fara sabunta OpenCore da direbobin a kan filash, ka gwada su tashi, sannan ka taɓa macOS. Ka sa Time Machine, mai ajiye kwafin fayilolinka, a wani faifai na waje, musamman idan aikin mutane ne a ciki. Kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa buɗe akwatin kana busa ƙura daga fankar firosesa da ta katin hoto, kana riƙe da fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.