Yadda Ake Gane Gizo-gizo ta Ƙwansa da 'Ya'yansa

Masana sun ƙididdige nau'o'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kuma launin jiki ba ya wadatar da mai son bambance su, domin yawancin waɗanda ke cikin gidajenmu toka-toka ne ko ruwan ƙasa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a lura da yadda uwa take ajiye ƙwanta da yadda take renon 'ya'yanta, tun da kowane dangi da irin al'adarsa.

Da farko a tabbatar cewa gizo-gizon ne: ƙafafunsa takwas, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike. A tanadi tocila, da kofin gilashi, da guntun kwali, da wayar hannu don ɗaukar hoto. Damina ce lokacin da ya fi dacewa, saboda ƙwari sun yawaita, kuma da sassafe raɓa takan fito da zanen yana sarai a tsakanin ganyaye.

A fara da kusurwar rufin ɗaki ko ta banɗaki, inda tautau mai dogayen ƙafafu siri-siri yake rataye a juye cikin hargitsattsiyar yana. Idan aka taɓa yanar sai ya riƙa kaɗa jikinsa da sauri har ya yi wuyar gani. Macensa tana riƙe da ƙwanta a baki, a dunƙule cikin 'yan zaruruwa ƙalilan, har ana iya hango ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya. A bayan hoton bango ko kalanda kuwa akan tarar da wani mai faɗi, manne da bango, mai gudun tsiya, wanda ke liƙa farar jakar ƙwansa shimfiɗe a jikin bangon.

Abin kallo na gaske yana tsakar gida da lambu bayan sallar isha'i. A riƙe tocila daidai gefen ido, a haska ƙasa a hankali. Duk inda aka ga ɗigon haske yana ƙyalli cikin ciyawa, sau da yawa idon gizo-gizon ƙasa ne, mafarauci wanda ba ya saƙa tarko. Uwar tana yawo da ƙwallon ƙwanta maƙale a ƙarshen cikinta, kuma idan suka ƙyanƙyashe sai 'ya'yan su hau bayanta, su lulluɓe shi gaba ɗaya, ta yi kwanaki tana goyon su. Wanda bai sani ba zai ɗauka bayanta ne ya yi gashi. Shi ya sa idan aka buge ta da takalmi ake ganin ƙanana sun watse ko'ina, har wasu su ce ta haihu nan take.

Ƙananan suna kama da iyayensu tun daga farko, sai dai launinsu bai nuna ba, kuma suna yin saɓa sau da dama kafin su girma. Busasshen abin da ake gani a yana kamar mataccen gizo-gizo galibi saɓar ce. Wasu sukan hau tsinin ciyawa su saki zare, iska ta ɗauke su zuwa wani wuri.

Akwai guda ɗaya da ya kamata a kiyaye. Idan aka ga jakar ƙwai zagayayya mai tsinkaye kamar ƙarangiya a ƙarƙashin kujera, ko leɓen bokiti, ko cikin tsohuwar taya, to uwarta tana kusa: ruwan ƙasa ce, da tabo ruwan lemo a ƙasan cikinta, kuma cizonta yana da dafi mai zafi. Kada a sa hannu a irin wannan wuri, kuma wanda ta ciza a kai shi asibiti, musamman idan yaro ne.

Don duba kowane iri a kusa, ban da wannan mai dafin, a kifa masa kofin gilashi, a zura kwalin a ƙarƙashi, a ɗauki hoton bayansa da na cikinsa, sannan a sake shi a gindin shuka. Uwa mai ɗauke da ƙwai ko goyo dai gara a ɗauki hotonta a inda take.